Kwalbar da Na Wanke da Sabulu

Ranar Talatar da ta wuce wata 'yar istaji, cikin yaran da makarantar lafiya ke turo mana su koyi aikin labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, ta tsaya tana kallona ina zuba jinin wani manomi a 'yar kwalba. Na jingine kwalbar, na duba agogo, na ja kujera na zauna. Ta jira in yi wani abu, ban yi ba.

"Tonton, shi ke nan?" ta ce, don haka yaran ke kirana, wato kawu.

"Shi ke nan. Minti ashirin."

"Wanga ai facile na, ba wuya. Ko ƙanwata ta iya shi."

Na ce ta gaishe mini da ƙanwar tata. Sauran suka yi dariya, ni ma na taya su, don ba ƙarya ta yi ba. Cikin duk abin da muke yi a ɗakin nan babu mai sauƙin wannan gwaji. Mutum ya zo maciji ya sare shi, ka ɗebi jininsa ka zuba a kwalbar gilashi, ka bar ta minti ashirin ba taɓawa, sannan ka karkata ta. In jinin ya kama ya zama guda, a sa masa ido kawai. In ya zubo kamar ruwa, dafin kububuwa na yawo a jikinsa, a yi masa serom, wato allurar kashe dafi. Ba inji, ba lantarki, ba lissafi.

Shekara talatin da 'yan kai ina wannan aiki a Dogon Dutsi. Bayana ya gaji, idona ya bi sahu, kuma na gaji da maimaita magana ɗaya ga kowane rukunin yara, shi ya sa na zauna in rubuta ta sau ɗaya in huta. Akwai shekarar da serom ɗin da ya rage mana bai wuce na mutum ɗaya ba, mutum biyu suka zo rana guda, kuma wannan kwalbar da ƙanwar wance ta iya ita ce ta zaɓi wanda za a ba. Ni ne na riƙe ta ranar.

Aikin farko da Mushe Gado ya ba ni wankin kwalabe ne, mushe kuwa malam ke nan a Faransancinmu. Shi ne babban labo lokacin da na zo, dogon tsoho mai taba-gari a baki, wanda bai taɓa yabon kowa ba sai bayan mutumin ya mutu. Na zo da takardar makaranta ina jin kaina, ya miƙo mini buroshi da daro. Wata uku ban taɓa madubin likita ba sai dai in share masa ƙura. Kwalaben fitsari da na sauran gwaje-gwaje a wanke su da sabulu, ba ruwansa. Amma akwai wasu da yake ajiyewa daban cikin akwatin katako, na gwajin kamawar jini, waɗannan ruwa zalla ake sa musu. A goge da buroshi, a ɗauraye sau bakwai, a bi da tataccen ruwa, a kife su cikin tanda su bushe ƙayau. Na tambaye shi dalili.

"Jini ba ya son sabulu," ya ce.

"Don mi, Mushe?"

"Don ba ya so. Kai kana son duk abin da anka ba ka?"

Iyakar bayanin ke nan. Dokarsa ta biyu kuwa a jikinsa yake yin ta. Duk ranar da aka kawo sababbin kwalabe, ko ya yi shakkar wankina, sai ya naɗe hannun riga ya ɗebi jinin kansa ya zuba ya zauna yana kallo. In nasa ya kama, kwalbar ta ci jarrabawa. Yakan ce kada ka yarda da kwalba a kan marar lafiya sai ta faɗi gaskiya a kan mai lafiya. Gwiwar hannunsa duk tabon allura ce, ni kuma a raina ina cewa tsohon nan ya cika son wahalar da kansa.

Wata rana maganin da muke auna saurin kamawar jini da shi ya ƙare, ga wata mai jego tana zubar da jini, likita na son sakamako. Mushe Gado ya aika wurin wani maharbi na wajen Matankari aka kawo zomo. A gabana ya fasa kan, ya ciro ƙwaƙwalwar, ya tsince jijiyoyin jinin ɗaya bayan ɗaya, ya niƙa ta da asetan, ruwan nan mai saurin bushewa, har ta zama gari, ya jiƙa a ruwan gishiri. Sannan ya ɗauko jinin da ke cikin kwalba mai shuɗin murfi. Kun san ta: maganin cikinta yana kame kalsiyom ɗin jini, shi ya sa jinin zai wuni bai kama ba. Ya ware ruwan jinin, ya ɗiga ruwan ƙwaƙwalwar zomo, ya mayar da kalsiyom, ya ce in ƙirga. Ban kai ashirin ba abin ya daskare.

"Ka gani?" ya ce. "Ƙwaƙwalwa kitse ta. Jini shina son kitse, shina son kalsiyom. Hana mai guda, sai ya tsaya kallonka."

Ni abin da ya dame ni ranar shi ne wa zai ci sauran zomon. Shi ya ci.

Dalilin duk wannan ban ji shi ba sai da gemuna ya soma fari, bayan abin da zan ba ku labari ya riga ya faru, a wani kwas da aka tura mu Yamai. Zan faɗa muku tun yanzu don ku san abin da na ɓata. Wata malamar jami'a ce ta tsaya gaban allo. Ta ce kowace ƙwayar halitta a jikinmu, abin da kuke kira selil, tana cikin wata fata ta kitse mai ninki biyu. Kitsen ba iri ɗaya ba ne, kowanne da irin kansa, na ninkin ciki daban, na waje daban. A cikin ƙwayar akwai furotin masu kai saƙo, suna yawo a ruwa ba aikin fari ba na baƙi. Kowannensu yana da wani ɗan sashe a jikinsa da ba ya yanka komai, ba ya haɗa komai, aikinsa kawai ya gane kitse iri guda ya kama. Ita tana ce masa domen, ni hannu nake ce masa. Da saƙo ya iso daga waje, sai a sauya kan wani kitse a fatar, ko kalsiyom ya ƙaru cikin ƙwayar. Nan da nan mai hannun da ya dace ya zo ya manne, ya tarar da abokin aikinsa a wurin, aiki ya tashi. Saƙo ya wuce, a mayar da kitsen yadda yake, hannu ya saki, kowa ya kama gabansa.

Ta zana mana su a allo. Wanda ake kira PH yana da ɗan aljihu, kan kitse iri ɗaya ne kaɗai ke shiga ya zauna daidai. C2 kamar tabarmar da aka ninke biyu yake, a bakinsa akwai 'yan maɗaukai masu riƙe kalsiyom, kalsiyom ɗin ne ke shiga tsakani ya haɗa shi da kitsen, in babu shi ba kamu. C1 ƙarami ne mai tsaga, yana nutsa kansa cikin fatar ya kama wani kitse da ba ya bayyana sai saƙo ya zo. Wanda ke zaune kusa da ni, wani ɗan Tibiri, ya raɗa mini cewa ashe dai kowace akuya da turkenta. Na ce masa ya fi malamar iya bayani.

Da ta zo kan jini na gyara zama. Ta ce a nan ma dabarar ɗaya ce, sai dai a wajen ƙwaya ake yin ta. Plaket, 'yan ƙananan ƙwayoyin nan na jini, suna ɓoye wani kitse a ninkin ciki. In an ji rauni sai su juyo da shi waje. Furotin masu kama jini suna da nasu hannun, Gla sunansa, yana cika da kalsiyom ya dafe kan wannan kitse. A nan suke haɗuwa kafaɗa da kafaɗa, jini ya kama a bakin raunin kaɗai, sauran jiki na gudana abinsa. Hanta ba ta iya ƙera wannan hannu sai da bitamin K, shi ya sa ake yi wa jariri allurarsa ranar haihuwa, kuma nan ne maganin ɓera yake kai hari. Dafin kububuwa kuwa ba ya jiran kitse, ba ya jiran hannu. Shi kan tayar da aikin ko'ina cikin jijiya lokaci guda, har kayan kama jinin su ƙare ƙaf, sai mutum ya dinga zuba ta dasashi, ta fitsari, ta tsohon miki. Amfanin hannun ke nan, ya tsare aiki wuri ɗaya, lokaci ɗaya.

Na ɗaga hannu na ce, "Madam, in sabulu ya shiga kwalbar fa?"

Ta ce, "Ba ka taɓa wanke kwanon miya ba? Aikin sabulu ke nan, ya wargaza kitse. Ya shafe gilashin da ya kamata ya tada aikin, ya tarwatsa kitsen da hannun zai dafa. Jinin mai lafiya ma sai ya yi maka ƙarya."

Aji ya yi dariyar kwanon miya. Ni na rubuta maganar a littafina, ko da yake na riga na san ta tun kafin ta faɗa.

Masu zuwa mana da saran maciji da kaka suka fi yawa, lokacin yankan gero da roron wake. Manoma ne da makiyaya, mutanen da ke sa hannu da ƙafa inda ido bai riga ya shiga ba. Kaɗan ne ke zuwa kai tsaye. Wani sai an yi masa tsaga an shafa baƙin magani, wani sai an tambayi masu bori ko wata doguwa aka taka, wani an ɗaure ƙafar da roba har ta yi baƙi. Yanzu kuma ga samarin kasuwa masu waya, su zo da bayani tun daga gida, su tsaya kanka suna gaya maka yadda za ka yi aikinka. Da Fulani na fi shiri, don akwai wasa tsakaninmu da su. Ina neman jijiya ina ce wa mutum jininsa rabi nono ne, shi yana ce mini ni bawansa ne tun kaka da kakanni, kafin ya ankara na gama.

Shekarar da nake magana damina ta yi kyau, ciyawa ta yi yawa, macizai suka yi yawa. Mushe Gado ya daɗe da rasuwa, ni ne babban labo. Akwatinsa na katako tuni na mai da shi wurin ajiye takardu, don shekaru muna samun sababbin kwalabe, a yi amfani sau ɗaya a yar. Sai kayan suka daina zuwa. Aka ce wata mai zuwa, wata ya zo ya wuce. Cikin haka injin tura ruwan unguwarmu ya lalace, famfo ya ƙafe, aka koma kawo mana ruwa a bido, wato jarka, kan amalanke. Labo bido biyu a wuni, da shi za a wanke hannu, a wanke gilashin maleriya, a goge tebur. Ga zazzaɓin damina bai sake mu ba, layi tun daga ƙofa har gindin dalbejiya.

Dole na koma wankin kwalabe, kuma a nan na yi wayo. Busasshen jini ba ya fita da ruwa kaɗan, amma in ka jiƙa shi da garin sabulu sai ya saki da kansa. Na dinga tara duk kwalaben a daro ɗaya, in barbaɗa gari, in ɗauraye sau guda a bokiti, bokitin da kafin azahar shi ma kumfa yake. In ka ɗaga kwalbar a rana sai ƙyalli. Har manjo, shugabar masu jinya, wadda zan kira Manjo Rakiya, takan nuna ni ga sababbin ma'aikata ta ce su koyi tsabta wurina. Ban manta da maganar tsoho ba. Na tuna ta, na ce a raina ai camfin mutanen da ne, tunda shi kansa bai san dalili ba. Zancen ɗibar jinin kaina kuwa, wanda ya wuni tsaye bai karya ba ba ya tunanin huda hannunsa. A can ƙasan durowa akwai sababbin kwalabe uku cikin takardarsu, ina rowarsu, wai sai babbar rana.

Da hantsi aka kawo mutum na farko a bayan babur. Zan ce masa Na-Allah, ba sunansa ba ne, kuma ba zan faɗi garinsu ba. Manomi ne mai kamar shekara arba'in, yana ɗaurin dami abu ya sare shi a idon sawu. Gumi yake yi, jiki na rawa, yana ta kalmar shahada. Ƙanensa da ya kawo shi ya ce da manjo, "Ni dai abin da na gani siriri na, dogo, ya wuce kamar iska. Kamar tsadaraki."

Tsadaraki ba ya kisa. Amma na sha jin haka daga bakin 'yan'uwan da ba su son jin mugun labari, ban ko ɗaga kai ba. Na ɗebi jini, na ɗauki kwalba mai ƙyalli daga kan tire, na zuba, na duba agogo. Minti ashirin na karkata ta, jini ya gangaro kamar zoɓo. Na rubuta bai kama ba, na kai da kaina.

Likita ya yi tafiya taro, manjo ce ke riƙe da asibitin. Ta karanta takardar, ta je ta sake duba ƙafar, ta danna, ta buɗe bakinsa ta leƙa dasashi.

"Malam Isuhu," ta ce, "ƙahwar ga ba ta kumbura ba. Kububuwa ba ta sara haka."

"Wani lokaci kumburin shina jinkiri."

"Serom kwalba biyu ta rage cikin firigo, ka sani. Daga su sai Allah. Ka tabbata?"

A nan ne ya kamata in ce ta ba ni minti ashirin. Durowar tana taku biyar daga inda nake tsaye. Amma a gaban mutane ta tambaye ni, ga layi na jira, ga zafi, kuma ban saba a tambaye ni ko na tabbata ba. Na ce mata ni ido na iya ruɗina, ita ma haka, amma kwalba ba ta ƙarya. Ta je ta buɗe firigo, firij ɗinmu na magani. Kafin azahar serom ɗin duka biyu sun shiga jikin Na-Allah.

Bayan azahar amalanken shanu ya shigo. Wani makiyayi ne, Umaru, daga wata ruga can bayan Gesheme, da matarsa kwance a kan tabarma. Kwana biyu ke nan da saran, tana tsintar itace. Sun tsaya wurin mai magani ya yi mata tsaga, tsagar ce ta ƙi tsayawa, shi ya sa suka taho. Ƙafar ta kumbura har cinya. Zanen da aka naɗe ta da shi ya jiƙe, haƙoranta ja, tana cewa kanta zai fashe. Umaru ya kwance bakin buhu ya zazzage mana macijin a ƙasa, gajere, mai zane, kansa a farfashe. Wannan ba ta bukatar kwalbata, ko makaho ya san dafin kububuwa ne. Duk da haka na ɗebi jinin, wurin allurar ya ƙi tsayawa sai da na danne shi da auduga na ɗaure.

Na buɗe baki zan yi masa wasan da na saba, na ga fuskarsa, na rufe.

"Lokotoro," ya ce da manjo, "an ce kuna da allurar."

"Muna da ita da sahe," ta ce. "Ta ƙare."

Manjo ta yi ta buga waya, Tibiri babu, ƙananan asibitocin kewaye babu, sai Doso. Ta sa wa matar ruwa, ta cire nata mayafin ta lulluɓe ta, aka sa su a motar asibiti bayan la'asar. Ni na koma ɗakina na ci gaba da gilashin maleriya, ina gaya wa kaina rabo ne, wani ya riga wani.

Ƙa'ida ce a sake gwada jinin wanda aka yi wa serom bayan wasu awoyi. Wajen ƙarfe biyar na je gadon Na-Allah. Na same shi zaune yana shan fura, yana ba maƙwabcinsa labarin gonarsa. Na duba inda na huda shi da safe, ɗan ɗigo ne baƙi, busasshe, audugar ma fes. Ƙafar tana nan yadda take. Na ɗebi jini na zuba a kwalbar tire. Minti ashirin, ya gangaro kamar na safe.

Sai na dubi kwalbar da ke hannuna. Na rufe ƙofar labo, na naɗe hannun riga, na ɗaure damtse da roba na ja da haƙori, na ɗebi nawa. Rabi a kwalbar tire, rabi a sabuwa daga durowa. Ta durowa ba ta kai minti goma ba ta kama, na kife ta ko ɗigo bai zubo ba. Ta tire na ba ta ashirin, na ƙara mata goma don roƙo. Jinina, ni da ko sauro bai cije ni ba ranar, ya gangaro kamar na wanda kububuwa ta sara. Na ɗauki wata kwalbar daga tire na zuba ruwa na girgiza, 'yar kumfa ta taso a bakinta.

Na kai wa manjo kwalaben biyu na ajiye a gabanta. Ta dube su, ta dubi hannuna. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Muna nan direban ya bugo waya, ya ce matar ta cika kafin su shiga Doso.

"Wataƙila ko da mun yi mata ba ta tashi," in ji manjo. "Kwana biyu, kuma jinin ya hau kai."

Wataƙila. Na ga waɗanda suka zo a haka suka tashi, na ga waɗanda ba su tashi ba. Ban san cikin waɗanne za ta faɗa ba, kuma ba zan taɓa sani ba, don ni na hana a gani. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na ji tsoron Allah, na kuma ji haushin tsohon da ya mutu bai gaya mini dalili ba, ko da yake na san ba dalili na rasa ba. Manjo ta rubuta abin da ya faru ta ba likita, aka kira ni aka yi mini magana, aka bar ni a aikina don babu wani. Washegari na zazzage takardun da ke cikin akwatin katako.

Bayan kamar sati uku, ranar kasuwa, ina cikin aiki aka ce wani Bafillace na nemana a waje. Umaru ne, ya rame, da sandarsa, da wani abu a naɗe a hammata. Mayafin manjo ne ya kawo, an wanke shi an ninke. Ya ce ba ya son shiga wurin mata, in miƙa mata, in ce ya gode. Ya ce ni ma ya gode, ya ga yadda na danne hannun uwar yaransa da auduga.

Da na karɓi mayafin na koma ciki, da shi ke nan. Amma na ce mu je gindin dalbejiya. Na gaya masa duka, ban rage ba: allurar tana nan da safe, an yi wa wani da ba ya bukatarta, ni na sa aka yi, saboda na wanke kwalba da sabulu. Ban san ko ya gane zancen sabulun ba. Sauran ya gane. Ya daɗe yana kallon ƙasa yana zana ta da sanda.

"Shi mutumin," ya ce, "shina da rai?"

"Shina da rai. Da ma ba abin da za ya same shi."

"Shina da ɗiya?"

"Shida, in ji ƙanenai."

"Ya san wanga zance?"

"Bai sani ba."

Ya gyaɗa kai. "To kak ka hwaɗa mai. Shi bai yi komi ba. In ya ji, tuwo ba ya ƙara yi mai daɗi." Ya miƙe ya gyara sandarsa a kafaɗa. "Ni ka riga ka ɗora man, na ɗauka. Saura tsakaninka da Allah na."

Na jira ko zai ce ya yafe, bai ce ba, ni kuma ban ga fuskar roƙo ba. Ya yi mini sallama yadda ake yi wa kowa ya tafi. Da rani ya yi na tambayi masu kawo nono, suka ce rugarsu ta tashi ta yi kudu. Ban sake ganinsa ba.

Na-Allah kuwa na sake ganinsa, kuma ina kan gani. Da kaka ta zagayo sai ga shi a ƙofar gidana da damin gero a bayan babur, ya yi tambaya har ya gano ni. Ya durƙusa, na ce ya tashi, ya ƙi. Ya ce manjo ta so ta hana shi allura, ni na tsaya kai da fata, ƙanensa ya ba shi labari. Ya ce bayan Allah da iyayensa sai ni. In muka haɗu a kasuwa sai ya kama hannuna ya ɗaga, ya ce wa mutane ga wanda ya ceci ransa, su kuma su yi ta sa mini albarka. Na sha buɗe baki, sai in tuna wanda ya hana ni, in rufe. Mai haƙƙin ne ya yanke, ba ni da ta cewa.

Bai taɓa tsallake shekara ba, har wadda fari ya cinye gonaki ya kawo rabin dami yana ba ni haƙuri. Bana ma ya zo, furfura ta cika masa kai, ya sauke damin da kansa ya jingine a zaure. Na yi godiya, na ce Allah ya ƙara albarka, na raka shi har bakin hanya. Geron mai kyau ne, yarana suna son furarsa. Matata dai ta san ba a yi mini tuwo da shi.